Farin cikon haƙori ba iri ɗaya ba ne, ka san wanda za a zuba maka

Yawancinmu idan likitan haƙori ya leƙa baki ya ce akwai kogo sai an cike, to kawai muke cewa mu hangame baki, ba mai tambayar me za a sa masa, alhali ciko mai kalar haƙorin nan iri uku ne aƙalla, ga kuma wani na huɗu da ake cutar mutane da shi, zan zo kansa.

Ni dai kamfozit nake so, ba wani ɓoye-ɓoye. Wata irin roba ce mai danƙo da aka cuɗa da garin gilashi mai laushi sosai, likita zai ɗauko jerin kaloli ya gwada da haƙorinka ya zaɓi wanda ya yi daidai, in an gama kai kanka sai ka yi da gaske a madubi kafin ka gane inda aka cike. Amma abin da ya fi burge ni shi ne mannewa yake da haƙori, don haka ruɓaɓɓen wurin kawai ake kankarewa a bar maka sauran haƙorinka. Kuma kar ka ɗauka gwaji ake da kai, tun 1955 wani likita a Amurka, Michael Buonocore, ya nuna cewa idan aka shafa asid a jikin haƙori roba tana kamawa, a farkon shekarun 1960 kuma Rafael Bowen ya haɗa irin robar da har yau ake aiki da ita.

Sai dai fa kamfozit ingancinsa yana hannun mai sa shi. Bayan an share kogon za a shafa asid na ƴan daƙiƙu a wanke, a busar, a shafa ruwan manni, sannan a riƙa zuba cikon kaɗan-kaɗan, kaurin kamar milimita 2, kowane zubi a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Dalili kuwa yana ɗan tsukewa idan yana daskarewa, kuma hasken ba ya ratsa kauri da yawa, akwai dai wasu sababbi da ake iya zuba har milimita 4 lokaci ɗaya. Babban abokin gabansa yawu ne, in ya taɓa wurin ana cikin aiki kamar ka shafa fenti a jiƙaƙƙen bango ne, zai yi kyau ranar amma ba zai zauna ba. Shi ya sa ni yanzu tambayata ta farko ita ce yaya za a tare yawu, za a sa shimfiɗar robar nan da ake zagaye haƙori da ita ko aƙalla auduga da bututun zuƙa. Wanda ya cusa maka shi cikin minti biyar ya ce tashi, wallahi akwai alamar tambaya.

Aibin kamfozit shi ne shayi da kofi da taba suna dusashe shi da daɗewa, a turmi mai babban kogo kuma yana cinyewa da tauna. Kuma maganin ƙara hasken haƙori ba ya kama shi, in kana da niyyar yi ka fara yi kafin a zaɓi kalar ciko.

Na biyu shi ne gilas ayonoma, wani irin siminti na garin gilashi, yana sakin fulorayid, sinadarin da ke taimakawa wajen kare haƙori daga ruɓewa, yana ɗan jure danshi, ya dace da haƙoran yara da kogon da ke bakin dasashi, a 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magunguna, amma ba shi da ƙarfi, a wurin tauna ni ban yarda da shi ba. Na uku, wato na tangaran da ake aunawa a ƙera a liƙa yana da kyau yana daɗewa, tsada ce dai, sai kogon ya yi girma sosai yake da amfani. Tsohon cikon azurfa kuwa yana da ƙarko amma baƙi ne, kusan rabinsa zaiba ce, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga farkon 2025 sai da lalura. Duk da haka in kana da shi kuma lafiyarsa ƙalau kar wani ya tsorata ka ya ce sai an cire, cirewar ma tana cin haƙori.

To ga na huɗun. Akwai cikon wucin gadi, shi ma fari ne, wani yana ƙamshin kanumfari, na ƴan makonni ne kafin a yi na gaskiya. Shi aka taɓa liƙa min a wani wuri aka karɓi kuɗin na dindindin, ba asid ba fitila, ba a daɗe ba ya fara marmashewa ina tauna shi da abinci. Don haka ka tambayi sunan abin da za a sa maka a rubuta a takardarka. In an ce kamfozit ne kuma ba ka ga fitila ba, ka yi magana tun kana kan kujera.

Wanda ya fi wannan muni shi ne a rufe kogo a kan jijiyar da ta riga ta kamu. In haƙori yana tashinka da dare, ko zafin yana daɗewa bayan ka sha abu mai zafi, ko dasashi ya kumbura, ciko kawai ba zai yi ba, sai an ɗauki hoto an duba ko aikin jijiya ne ko cirewa, in aka toshe haka mugunya ce za ta taru fuska ta kumbura. Su kuma ƴan ƙwallayen roba da ake tallatawa a intanet wai ka narka a ruwan zafi ka cike da kanka, ruɓar tana nan a ƙasa tana ci gaba ka dai daina ganinta ne. Haka masu gyaran haƙori da ba su da lasisi, ka tambaya ka gani, likitan gaskiya ba zai ji haushi ba.

Bayan an gama, ɗan zogi da ruwan sanyi na ƴan kwanaki ba komai ba ne, amma in ka haɗa baki ka ji wannan haƙorin ne yake fara taɓawa, cikon ya yi tudu, ka koma a goge maka shi, aikin ƴan mintuna ne kuma galibi ko allura ba a yi.