HC-801A: kyamarar daji mai araha, abin da take iyawa da inda take gazawa

Kyamarar daji ƙaramin akwati ne na roba da ake ɗaurewa a jikin bishiya a tafi a bar shi. Idan wani abu mai ɗumin jiki ya gifta ta gabanta sai ta farka, ta ɗauki hoto ko bidiyo, ta buga rana da lokaci a ƙasan hoton, ta koma barci. Da ire-irenta masu bincike ke bibiyar namun daji a Yankari da Gashaka-Gumti. Amma ba su kaɗai ke buƙatarta ba. Manomin da ake tone wa gyaɗa ko rogo cikin dare yana son ya san gyado ne ko beguwa, mai kaji kuma yana son ya san dila ce ke yi masa ɓarna ko muzurun daji.

HC-801A na cikin mafiya araha. Ƙirar Sin ce, 'yan kasuwa daban-daban na manna mata sunayensu, kuma kuɗinta bai kai rabin na manyan kamfanoni irin su Browning ko Bushnell ba. Batir AA guda 8 take ci, da ƙaramin katin memori irin na waya, tana da ƙaramin allo a ciki don duba hoto, da maɓalli mai matsayi uku: OFF, TEST da ON. Wannan mai harafin A ba ta da wurin layin waya, sai an je an ciro katin. Masu aiko da hoto ta layi su ne HC-801M da HC-801LTE, kuma sun fi tsada.

Kada lambar megafiksel, wato ma'aunin girman hoto, da ke jikin kwali ta ruɗe ka. A kyamarori masu wannan farashi ainihin idon da ke ɗaukar hoton ƙarami ne, manhajar ciki ce ke hura hoton ya yi girma. Ka ɗauki hoton abu ɗaya a kan mafi ƙanƙantar lambar megafiksel da kuma mafi girma, ka buɗe su a kwamfuta ka matso da su: gashin dabbar bai ƙara fitowa ba, sai dai katin ya fi saurin cika. A bar ta a kan ƙaramar lamba. Hoton rana dai ba laifi, launi na fita, ana bambance gada da ɗan akuya a nisan mita 10 ba tare da gardama ba.

Inda ya kamata mai saye a ƙasarmu ya tsaya ya yi tunani shi ne na'urar jin motsi, wadda ake kira PIR. Ba motsi kawai take gani ba. Bambancin ɗumi take ji tsakanin jikin dabba da abin da ke bayanta. Jikin dabba mai shayarwa yana wajen digiri 37 zuwa 39. Da daren hunturu, sanda sanyi ya sauka ƙasa da 20, bambancin yana da yawa, kyamarar na jin gyado daga nesa. Da tsakar ranar bazara kuwa, a Afrilu, iska ta haura 40, ƙasa da duwatsu sun fi haka zafi, sai dabbar ta saje da muhallinta. Za ta iya wucewa a mita 6 ba a ɗauke ta ba. Nisan mita 20 da ake rubutawa a talla na yanayi mai sanyi ne da babbar dabba. Wannan ba lalacewa ba ce, haka duk mai PIR take, sai dai masu tsada sun fi jurewa. Maganinsa a ɗaga ƙarfin jin zuwa mafi sama a lokacin zafi, a kuma matso da kyamarar kusa da hanya, mita 3 zuwa 5. Damo da guza da maciji kuwa, da yake ɗumin jikinsu na bin na wurin da suke, sau da yawa ba ta ma san sun wuce ba.

Akasin wannan matsalar ya fi cin rai. Ciyawar da rana ta gasa, iska ta kaɗa ta, a wurin PIR daidai take da dabba. Sai mutum ya dawo bayan mako guda ya tarar da ɗaruruwan hotunan gamba tana rausaya, batir ya mutu tun rana ta uku. Don haka kafin a ɗaura, a sa lauje a share gaban kyamarar har mita 4 ko 5, a sare reshen da ke lilo kusa da ita, kuma kada a ɗaura ta a siririyar bishiyar da iska ke girgizawa. Kada ta fuskanci gabas ko yamma, domin fitowar rana da faɗuwarta na tada ta a banza, hoton kuma ya wanke fari fat. A juya ta arewa.

Masu sayarwa na cewa cikin daƙiƙa 0.3 take ɗauka. Idanun PIR biyu da ke gefe su ne ke fara jin dabba su tada kyamarar, na tsakiya ya sa ta ɗauka. Dabarar na aiki idan dabbar na tafe a hankali. Idan zomo ne a guje, ko dila mai sassarfa, kuma kyamarar na kallon hanyar a gicciye, wutsiya za ka samu. A karkata ta ta kalli tsawon hanyar, kamar digiri 45, yadda dabbar za ta daɗe a cikin hoto, a kuma saita ta ta ɗauki uku a jere. Tsayi ma na da muhimmanci: santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa don beguwa, zomo da zabi, 60 zuwa 80 don gyado da gada. Mutane da yawa na ɗaura ta daidai ƙirjinsu saboda ya fi sauƙi, sai komai ya wuce ta ƙarƙashi. Idan bishiyar ta karkace, a cusa ɗan kara a bayan akwatin. Sannan a sa ta a TEST, a rarrafa ta gabanta a tsayin dabbar, a ga daga ina ƙaramar fitilar ke ƙiftawa.

Da dare hoton baƙi da fari ne, fitilun da ke fuskarta ke haskawa. A tambayi mai sayarwa wane iri ne, don ana samun biyu. Masu lamba 850 sun fi kai haske nesa amma suna yin ja-ja kamar garwashi, mutum na iya hangowa. Masu 940 ba a ganinsu, haskensu kuma ya fi rauni. A kowanne, dabbar da ta tsaya tana fita sarai tsakanin mita 3 da 8. Mai tafiya takan fito da dishi-dishi, wadda ta matso ƙasa da mita 2 kuma ta zama farin dunƙule mai idanu biyu.

Batir ne ke kashe yawancin waɗannan kyamarori. Kyamarar na son bolt 6, wato batir huɗu masu 1.5 a jere, sauran huɗun ƙari ne don ta daɗe. Batir mai caji 1.2 yake bayarwa, huɗu sun zama 4.8, shi ya sa za ka ga tana ɗaukar hoton rana lafiya, dare na yi fitilun su ja wuta ta mutu. Batirin tocila mai araha ya fi muni: ba ya jure jan wutar, kuma cikin zafi yana tsiyayar da ruwa ya cinye ƙarafunan ciki. A sa batir mai kyau irin wanda aka rubuta wa “alkaline”, ko litiyam idan aljihu zai ɗauka, duka takwas sababbi iri ɗaya. Bidiyon dare shi ya fi shan wuta, daƙiƙa 10 ta isa. Bayan canjin batir a duba kwanan wata, don yakan koma baya, kuma hoton da ba a san ranarsa ba ya rasa rabin amfaninsa.

Kati kada ya wuce giga 32, a kuma goge shi a cikin kyamarar kanta, ba a waya ba. Jabun kati shi ne sanadin yawancin ƙorafin “ta ƙi ɗauka”. A kashe ta kafin a zare shi.

Akwatin na jure ruwan sama muddin robar bakin murfin na da tsabta. Ƙwayar yashi ɗaya a kanta ta isa ta shigar da danshi, gilashin ya yi hazo da asuba. A jefa ɗan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi. A tabbata marfin robar ramin jona wayar wuta na ƙasa ya toshe, in ba haka ba cinnaku za su tare a ciki. Ƙurar hunturu na rufe gilashi cikin mako biyu, a riƙa sharewa da ƙyalle mai laushi. Lokacin ƙunar daji kuwa a ɗauke ta gaba ɗaya, roba ce.

Igiyar da take zuwa da ita ba ta hana sata, wuƙa ɗaya ce. A gandun gwamnati ba a ɗaura kyamara sai da izinin hukumar wurin, farauta kuma haramun ce a can. A gona ko bakin burtali, ya kamata mai unguwa da makiyayan da ke bi ta wurin su sani, tunda za ta ɗauki mutane ma.

Ga manomi, ko ɗalibin da ke son sanin waɗanne dabbobi ke zuwa wani tafki da dare, HC-801A ta ci kuɗinta, kuma biyu irinta a wurare biyu sun fi mai tsada guda amfani. Wanda aikinsa ƙidaya ce, inda duk dabbar da ta wuce ba a ɗauka ba ke ɓata lissafi, ko wanda zai bar kyamara wata uku a daji cikin bazara, ya nemi wadda ta fi ta.