Shotcut ko DaVinci Resolve: wanne zan ɗora wa kwamfuta?

Kusan duk mako sai wani ya tare ni a shago nan Garwa da bidiyon biki ko na suna a cikin filashi, yana tambaya wace manhaja zai yi gyara da ita ba tare da ya kashe sefa ba. Biyu nake ambata: Shotcut da DaVinci Resolve.

Dukansu kyauta ne, kuma ba sa manna tambari a kan hoto. Resolve na da na kuɗi, amma bikin gida bai kai can ba.

Inda suka rabu shi ne nauyi. Resolve, na kamfanin Blackmagic Design da ke Ostareliya, sauke shi kaɗai sai ya cinye data fiye da giga 2, kuma yana son RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, giga 16. Na taɓa ɗora shi a kan tsohuwar kwamfutar ƙanina a zafin watan Afrilu, fankar kwamfutar na ta kuka, hoton amarya na tsayawa cak. Shotcut kuwa ba shi da nauyi, yana buɗe kusan duk abin da waya ta ɗauka, kodayake fuskarsa ba ta da armashi.

Wajen gyaran kala, gaskiya Resolve ya yi masa fintinkau.

Ko wanne ka zaɓa, ka fitar da aikin a MP4, ka sa VLC, manhajar kunna bidiyo, sai bidiyon ya buɗe a kwamfutar kowa.

Mai yanka bidiyon iyali a ƙaramar kwamfuta, Shotcut ya ishe shi. Mai ɗaukar biki a matsayin sana'a, yana da injin kirki, ya koyi Resolve.