Hoton ɗan sarkin Sifaniya da na yi oda ya iso

To jama'a kayan nan dai sun zo, bayan sati uku ina jira har na fara cire rai da kuɗina. Kwafin zanen Velazquez ne, wani mai zane ɗan Sifaniya, na yarima Felipe Prospero, ɗan sarki Felipe na huɗu, ya zana shi a 1659 yaron bai wuce shekara biyu ba, asalin yana gidan tarihi a Viyana, babban birnin Austriya. A wani shagon intanet na saya, sun buga shi a yadi mai kauri suka sa masa firam.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai, firam ɗin ya zo da tsagewa a kusurwa ɗaya, kuma jan rigar ya yi duhu sosai ba kamar yadda na gani a waya ba, bayan yaron kuwa baƙi ƙirin. Na tura musu saƙo har yau shiru kake ji.

Amma fuskar ta fito wallahi. Hajiyarmu na shigowa falo ta tsaya ta ƙura masa ido ta ce wannan yarinyar lafiyarta ƙalau kuwa? Na ce Hajiya namiji ne fa, a zamanin haka suke sa wa ƙananan yara maza doguwar riga sai sun ɗan tasa. Maganar ciwo kam ta canka, yaron tun haihuwa a cikin jinya yake, ga shi shi ne magajin sarauta, a 1661 ya rasu ko shekara huɗu bai cika ba. Sai ta matso ta ga 'yar ƙararrawa da su layu da aka rataya masa a kan farin kyallen gabansa, ta riƙe baki ta ce au, su ma Turawan suna tsoron kambun baka? Dariya kamar cikina zai yi ciwo, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, duk mulkin ubansa abin da aka iya yi masa ke nan.

Ɗan farin karen da ya kwantar da kai a kan kujera ma ya fito ras, idonsa kamar zai yi kuka.

Na san wasu za su ce hoto a falo, wannan maganar mu bar ta sai wata rana. In za ku saya dai ku ɗauki babban, a ƙaramin layun nan ba za su ganu ba, kuma ku ce kar su sa firam, ku kai wa kafinta ya yi muku.