Asibitin unguwarmu ya koma kwamfuta, amma ban yar da karnen Inna ba

Shekara shida ina kai Inna awon hawan jini a wani ƙaramin asibiti a nan Garwa. Karnenta, wato ɗan littafin asibitinta, ya sha ruwan damina, ya sha man gyaɗa, shafin tsakiya ma jikanta ya yage shi. Ran Litinin da muka je, sai malamar asibitin ta karɓe shi ta ajiye gefe, ta tambayi suna da lambar waya, ta danna kwamfuta. Sai ga awon watan jiya, da sunan ƙwayar da take sha, da ranar da ta yi jiri ta faɗi.

"Hajiya, kin rage gishiri kuwa?" in ji ta. Inna ta kalle ni, wai na kai ƙararta.

Wannan kam na yaba. Ba a ƙara sa mu sake gwajin jini na jaka uku don takarda ta ɓata ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta da rezo, wato layin intanet. Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta, muka zauna kan benci cikin zafin nan har azahar ana jiran janareto. Sannan tun da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar da CSU, shirin kula da lafiya ga kowa da kowa, a 2023 nake jin za a haɗa bayanan marasa lafiya wuri guda, amma da muka je biki Marwa jikinta ya tashi, likitan can bai ga komai nata ba. Karnen nan mai maiƙo ya karanta.

Yanzu yana cikin leda a jakata.