Na'urar biyan kuɗin hanya: tana aiki, amma sauƙinta ne ke ba ni tsoro

Na'urar ba ta fi akwatin ashana girma da yawa ba. Ana manna ta a gilashin gaba, bayan madubi, a haɗa ta da asusun da kake zuba wa kuɗi ta waya. Da ka iso tolget sai ta yi ƙara sau ɗaya, sanda ta ɗaga, ka wuce ko gilashi ba ka sauke ba. Na daɗe ina amfani da ita a wata babbar hanya da wani kamfani ke kula da ita, kuma ta fannin aiki kam ta cika alkawari. Kwalta sumul, layukan titi a bayyane ko cikin dare, mota in ta mutu ana zuwa a janye ta da wuri. Babu jiran canji, babu cacar baki da mai karɓar kuɗi. An taɓa cire mini kuɗi sau biyu a wucewa ɗaya, sai da na yi ta bibiya kafin aka mayar, amma wannan bai sake faruwa ba.

Abin da ya dame ni daban ne. An ƙara kuɗin hanyar, na yi ta wucewa ban sani ba, sai da na lura asusun yana ƙarewa da wuri. Lokacin da nake miƙa kuɗi da hannuna, ƙarin ko nawa ne a take zan ji shi, in yi magana. Yanzu ƙara ɗaya na'urar ke yi, ko an ƙara ko ba a ƙara ba. Wata masaniyar tattalin arziki a Amurka, Amy Finkelstein, ta wallafa bincike a 2009 da ya nuna cewa inda aka koma biyan lantarki, kuɗin hanya kan ƙare da tashi da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari fiye da yadda zai kasance da ana biya da hannu. Direba ya daina ganin farashi, mai ƙari kuma ya daina jin nauyin kowa.

Ba na cikin masu cewa titi ya zama kyauta ko ta halin ƙaƙa. Gyara kuɗi yake ci, kuma bai dace wanda ko keke bai mallaka ba ya ɗauki nauyin titin da ni nake morewa. Sai dai in za a ce mai amfani ya biya, to mai ɓarna ya fi biya. Gwajin titi da aka yi a jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi sau biyu, ɓarnar da ake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Tirela ɗaya mai lodi ta fi dubban ƙananan motoci cin titi, amma bambancin abin da muke biya da ita a tolget bai kai ko kusa da haka ba.

Nakan bi tsohuwar hanya lokaci-lokaci, kuma a can ne ake ganin wanda ke biya da gaske. Manyan motocin da ke gudun tolget sun koma can, suna ratsa tsakiyar garuruwa, sun farfasa gefen kwalta, yara 'yan makaranta suna tsaye cikin ƙura suna jiran sararin tsallakawa. Farashin tolget ɗaya ne ga attajiri da ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Attajiri ya sayi lokaci, ɗayan kuma ya biya da tayoyinsa da lafiyarsa. Muddin aka bar hanyar kyauta ta lalace, zancen cewa kowa yana da zaɓi ya zama zancen baki.

Yadda aka shigo da tsarin ma yana da tasiri ƙwarai. A Stockholm, babban birnin Sweden, an gwada harajin cunkoso, wato kuɗin shiga tsakiyar birni da mota, na wasu watanni a 2006, zirga-zirga ta ragu da kusan kashi 20, mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'a, sannan aka tabbatar da shi a 2007. A lardin Gauteng na Afirka ta Kudu kuwa, an kunna tolget na lantarki a Disambar 2013 kan hanyoyin da mutane suka saba bi kyauta. Ɗimbin direbobi suka ƙi biya, har aka kashe shi a Afrilun 2024. Dogon kwantiragi kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali: Chicago ta Amurka ta ba 'yan kasuwa mitocin karɓar kuɗin ajiye mota a titunanta a 2008 na tsawon shekara 75, wato ta ɗaure hannun jikokin da ba a haifa ba.

Wanda yake bin irin wannan hanya kullum, ina ba shi shawarar ya sa na'urar, za ta rage masa wahala. Amma ya kashe tsarin zuba kuɗi kai-tsaye daga banki, ya kunna saƙon da ke shigowa bayan kowace wucewa, ya riƙa duba lissafinsa duk wata. Ni yanzu haka nake yi, kuma na rubuta wa kamfanin ina neman a riƙa sanar da ƙari tun kafin ya fara aiki, a kuma bayyana shekarar da kwantiraginsu zai ƙare.