Sharhi: Yawon keke daga Dijon zuwa Nolay ta gonakin inabin Burgundy

Abin da kamfanin da ke shirya wannan yawon ke sayarwa kashi uku ne: keken tsere na haya, taswirar hanya da ake saukewa a waya, da motar da ke kwashe jakunkuna daga masauki zuwa masauki. Babu ɗan jagora, babu motar da ke bin mutum a baya. Hanyar ta taso daga Dijon ta nufi kudu, ta ratsa Nuits-Saint-Georges da Beaune da Santenay, ta ƙare a Nolay, duk a yankin Burgundy na gabashin Faransa. Taswirar da jigilar kayan sun ci kuɗinsu. Keken kuwa, sai mutum ya sa baki tun kafin ya biya, in ba haka ba za a miƙa masa abin da bai dace da hanyar ba.

Wanda aka ba ni lafiyarsa ƙalau: jikin alminiyam, birkin faifai, sarƙa mai tsabta. Matsalar tana ga taya. An sa masa siririya mai faɗin milimita 25, irin wadda ake hawa babbar kwalta da ita. Amma hanyar kekuna ta cikin gonakin, wadda allunan ke kira Voie des Vignes, yawancinta ƙananan titunan manoma ne da ake rabawa da tarakta. Kwalta ce, gaskiya, sai dai gonakin suna kan gangara, kuma da an yi ruwa sai tsakuwar farar ƙasa da taɓo su gangaro su kwanta a kwana. Siririyar taya tana son iska kusan ba 7 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsin iska). Da wannan taurin keke sai ya riƙa tsalle a kan tsakuwa, taya ta kasa kama ƙasa, hannuwa su mutu. In kuma aka rage iskar don a samu sauƙi, rami ɗaya ya isa ya matse tib tsakanin ƙarfen wili da bakin ramin, ya huda shi wuri biyu kusa da juna. Maganin shi ne a nemi taya milimita 30 ko 32 tun a wasiƙar farko. Yawancin kekuna masu birkin faifai suna ɗaukar wannan faɗin, kuma mai nauyin kilo 70 zuwa 75 iska ba 4 zuwa 4.5 ta wadatar da shi.

Haka batun giyar keken. Farantin gaba mai haƙora 50 da 34 ne, na baya mafi girma haƙora 28. A cikin gonaki wannan ya isa har da saura. Ranar da aka hau tuddan yamma ne mutum zai nemi 32 ko 34 a baya ya rasa.

Kamfanin tsayin mutum kawai yake tambaya, kuma tsayi bai isa a daidaita keke ba. A auna keken gida daga tsakiyar inda fedoji ke juyawa zuwa saman sirdi, a tura musu adadin. Mai hawa da takalmin da ke maƙalewa a feda ya zo da fedojinsa, ya kuma tuna cewa ta hagu baibai ake ɗaura ta. Wanda ya tilasta ta ta saba'in haka zai cinye zaren, kuma kuɗin ajiyarsa ne zai biya. Kafin a bar shagon a matsa birki ɗaya bayan ɗaya: a Faransa hannun hagu ne birkin gaba, wanda ya saba da tsarin Ingila kuwa akasin haka ya sani, kuma gangara ba wurin koyon wannan ba ne. Jakar gyara da ke ƙarƙashin sirdi tib ɗaya ne a cikinta, da ƙarafan ɓare taya biyu da ƙaramin famfo. Babu faci, babu sholisho, babu mahaɗin sarƙa. A sayi tib na biyu, a gwada cewa bawul ɗinsa ya leƙo sosai ta cikin wili har famfo zai kama shi. A kuma duba akwai alankin da ke kwance sandar wili, domin in babu shi ba a ma cire wilin balle a kai ga tib. Makullin da suke bayarwa siririyar waya ce. A roƙi na ƙarfe mai kauri, don keken zai yi awoyi a tsaye a ƙofar wuraren tarihi.

Taswirar ita ce abin da na fi yabawa. Babban titin da ya bi gindin tuddan, D974, cike yake da manyan motoci, kuma taswirar ta kauce masa kusan ko'ina, inda ya zama dole a tsallaka shi kuma ta nuna tun da nisa. Allunan kekuna masu launin kore suna nan, amma a cikin ƙauyuka sukan ɓuya a jikin katanga ko bayan motar da aka ajiye. A sauke taswirar gaba ɗaya a waya tun a masauki, a ɗaure wayar a kan keke, a tafi da batirin caji. Sa abin ji a kunne haramun ne ga mai keke a dokar Faransa, don haka ba a dogara da muryar waya. Wata doka da takardar kamfanin ba ta ambata ba, alhali ita ce ta fi haɗari: a mararrabar da babu alama, wanda ya fito daga dama shi ke da hanya, ko da lungu ya fito. A ƙauyukan nan katangu suna rufe gani, direbobi kuwa sun san haƙƙinsu.

Daga Dijon zuwa Beaune kusan kilomita 50 ne, abin da mai ƙarfi zai cinye kafin rana ta take. Wuraren tsayawa ne ke cin lokacin. A Dijon akwai hasumiyar Philippe le Bon a fadar sarakunan Burgundy, tsayinta mita 46, matakalarta 316, kuma sai an kama wuri tukuna ake hawa. Takalmin keke a kan tsohon dutse santsi ne da shi, saboda haka a sa takalmi mara nauyi a aljihun riga ko ƙaramar jaka. Zai yi amfani a kowane gini da za a shiga. Daga nan sai Marsannay, Fixin, Gevrey-Chambertin, gonaki dama da hagu, kowace da sunanta da iyakarta. Fegi 1,247 ne a wannan tsari da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. A kan keke ne ake gane abin da ake nufi, domin ana ganin yadda ƙasa ke sauya launi tsakanin wannan katanga da waccan, ga ƙananan bukkokin dutse da manoma ke fakewa a ciki, ga tarin duwatsun da aka tsince daga gonaki shekaru aru-aru.

Clos de Vougeot ya cancanci awa guda cur. Gona ce mai kimanin hekta 50 a cikin katanga ɗaya, ruhubanawan gidan ibadar Kirista na Cîteaux suka kafa ta, rumbun da ke cikinta tun ƙarni na 12 yake, gidan da aka haɗa masa kuma na 1551 ne. Manyan matsai huɗu na itacen oak da ake matse inabi da su suna nan a tsaye, kuma ko wanda bai damu da abin da ake matsewa ba zai tsaya kallon aikin sassaƙar. Taswirar ta ba da zaɓin ratsewa gabas zuwa Cîteaux ɗin kanta, wadda aka kafa a 1098. Ni ban ga ribar ratsen ba ga mai ƙarancin lokaci: fili ne shimfiɗaɗɗe, iska na bugun ƙirji, kuma yawancin tsofaffin gine-ginen an rushe su bayan juyin juya halin 1789.

A Beaune, Hôtel-Dieu ne dalilin kwana. Asibitin talakawa ne da Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa a 1443, ya ci gaba da karɓar marasa lafiya har 1971. Daga titi ba ya nuna komai. Sai an shiga tsakar gida ake ganin rufin nan mai ƙyalli kala-kala, sannan babban zauren majinyata mai tsawon kusan mita 50, gadaje jere da jajayen labule. A je da zarar an buɗe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a. Titunan tsakiyar garin na jeren dutse ne, gara a tura keken.

Beaune zuwa Santenay kilomita 22 ne kacal, ta Pommard, Volnay, Meursault, Puligny da Chassagne. Kyakkyawa ce, amma ga mai keken tsere ko gumi ba za ta sa shi ba. Doguwar hanyar da kamfanin ya tanada ta fi: a hau ta Saint-Romain da Orches ƙarƙashin fararen duwatsu, daga kimanin mita 220 a Beaune zuwa sama da 400, a gangaro ta La Rochepot inda ake hango gidan sarautar daga titi. A gangarar nan a riƙa matsa birki ana saki, kada a riƙe shi tiryan-tiryan, don faifan zai yi zafi ya rage kamu. Daga Santenay zuwa Nolay tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka mayar ta kekuna, kimanin kilomita 13, hawa ne a hankali, ƙarshenta rumfar kasuwa ta ƙarni na 14 mai rufin dutse.

Jigilar kaya ba ta saɓa ba. Ana ajiye jaka wurin mai karɓar baƙi da safe, sai yamma take isa, saboda haka wanda ya iso da wuri zai zauna da rigar gumi in bai ɗauki ta canji ba. Lambar neman agaji kuwa lokacin aiki kawai ake ɗauka, kuma shagunan gyaran keke a rufe suke ranar Lahadi, da yawa har Litinin. Kantunan ƙauyuka sukan rufe daga sha biyu zuwa biyu na rana. Gora biyu na ruwa ake tafiya da su. In sun ƙare, maƙabartun ƙauye galibi suna da famfo kusa da ƙofa, sai dai a duba ko an rubuta ba na sha ba ne.

Cikin kuɗin an haɗa da ɗanɗanon ruwan inabi a wani rumbu. Wanda ba ya sha ya faɗa tun farko, suna musanya shi da tikitin gidan tarihi ba tare da jan magana ba. Wanda ke sha kuma ya san iyakar barasa ta giram 0.5 a litar jini ta shafi mai keke kamar yadda ta shafi direba. Gonakin na masu su ne, ba a shiga, ba a tsinka.

Mayu da Yuni sun fi daɗin hawa, sai farkon Oktoba da ganye ke komawa ruwan ɗorawa. Lokacin girbi, wato Satumba, wani sa'in tun ƙarshen Agusta, titunan nan na tarakta ne da motocin 'yan ƙwadago, masauki kuma ya yi wuya. Don komawa, a gangaro Santenay a bi gefen Canal du Centre zuwa tashar Chagny, inda jirgin ƙasa na yanki, wato TER, mai zuwa Beaune da Dijon ke da wurin rataye kekuna, amma ƙugiyoyin kaɗan ne, gara a guji jirgin masu tashi daga aiki. A ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare ranar karɓa da ranar mayarwa, musamman jikinsa da wiloli, domin da shi ake raba gardama a kan kuɗin ajiya.