Wace firinta ce ke ba ka iko da launin hoto baƙi da fari?

Mai hoton da ya taɓa wanke baƙi da fari a firinta mai tawada shida, irin Epson L805 ko L1800 da ake yawan gani a situdiyo a nan Arewa, ya san ciwon. A fuskar kwamfuta hoton toka ne zalla. Yana fitowa a takarda sai inuwar wuya ta yi kore-kore, farin rawani ya ɗauki sirkin ja. Ka kai shi bakin taga ya nuna wani launi, ka dawo da shi ƙarƙashin ƙwan lantarki ya nuna wani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: waɗannan injina ba su da tawadar toka ko ɗaya, suna haɗa sayan (shuɗi mai haske) da majenta (ja mai sirkin shuɗi) da rawaya ne su ƙirƙiro ta, kuma da zarar ɗaya ta ɗan rinjayi sauran ido ya kama. Don hotunan biki masu kala ba su da laifi. Don baƙi da fari, ka wuce su.

Abin da ya kamata ka nema shi ne injin da ke da baƙi da toka hawa-hawa, na figimen, wato tawadar da ƙwayoyin gari ne a cikin ruwa, ba ta rini ba. Baƙin wannan tawada daga kabon ake yin sa, shi kuwa kabon in aka tsarma shi ba ya zama toka zalla, yana karkata ne zuwa ruwan ƙasa, kamar yadda tawadar allo ke komawa in an zuba mata ruwa. Saboda haka sirkin ruwan ƙasa a hoto kusan kyauta yake zuwa. Toka zalla ce mai wuya, domin sai injin ya ɗiga ɗan sayan da ɗan majenta ya kashe wannan ja-jan.

A nan ne na tsaya a kan Epson SureColor P900, ko ƙanenta P700 ga wanda takardar inci 13 ta ishe shi. Sun fito a 2020 da tawada goma, huɗu daga ciki na wannan aiki ne: baƙi na takarda mai ƙyalli, baƙi na takarda mara ƙyalli, toka, da toka mai haske. A tsofaffin injinan Epson sai ka zubar da tawada duk lokacin da za ka sauya daga wannan baƙi zuwa wancan, a nan kowanne da hanyarsa. Amma abin da ya fi jan raina shi ne tsarin ABW, wato saitin buga baƙi da fari a manhajar injin, wanda Epson ta kawo tun 2005 tare da jerin tawadarta mai suna K3. In ka kunna shi, injin yana gina hoton da baƙi da toka, kalolin kuwa ɗan taɓawa kawai. Yana ba ka zaɓi huɗu da aka riga aka saita, daga mai sirkin shuɗi, zuwa toka zalla, zuwa mai ruwan ƙasa, zuwa sefiya, wato ruwan ƙasan tsofaffin hotuna, sannan ga wata da'irar launi da za ka matsa alama a kai kaɗan-kaɗan har ka sami abin da idonka ke so. Ni nakan fara daga toka zalla in matsa ƙiris zuwa ɓangaren rawaya da ja. Gwada shi a hoton dattijo cikin farar babbar riga: fatar fuska tana yin rai, ba ta yin kamar siminti, kuma zaren askar da ke ƙirjin rigar yana rabuwa da farin yadin, ɗinki bayan ɗinki. Sefiyar da aka saita kuwa ta yi min yawa, tana mai da hoton jiya kamar na zamanin Sardauna.

Takarda ma tana da nata hannu, har ta kan fi tawada tasiri a wuraren haske, domin farin hoto farin takarda ne. Wasu takardu ana sa musu sinadarin ƙara fari, sai su yi sirkin shuɗi, kuma sinadarin yana raguwa da shekaru. In ka buga hoto mai ruwan ƙasa a kansu, inuwa da haske sai su yi ta faɗa da juna. Don irin wannan hoto ka nemi Hahnemühle Bamboo ko Epson Hot Press Natural, waɗanda farinsu na madara ne. Don toka zalla mai ɗan ƙyalli, takardar barita, wato mai shafen farin sinadari irin ta wanke hoto ta da, kamar ta kamfanin Canson, ta dace.

Canon PRO-300 da PRO-1000 injina ne nagari, amma hannuna bai saba da saitinsu ba kamar ABW. PRO-200 tana da toka biyu, sai dai rini ce, ba zan sayar wa mutum hoton da zai rataya a falo shekara da shekaru da ita ba. Piezography, tawadar Jon Cone daga Amurka, da ake sarrafawa da manhajar QuadToneRIP ta Roy Harrington, ita ce ƙololuwa, har hawa bakwai na baƙi da toka, amma injin da ka zuba mata ya bar buga kala ke nan, kuma kowace kwalba sai an yo odarta daga waje.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Kafin ka biya, ka tambayi daga wace ƙasa injin ya fito, domin katirij, wato mazubin tawada, ta P900 ɗin Amurka daban take da ta Turai, kuma injin ba ya karɓar wadda ba ta yankinsa ba. Ka kuma sani cewa tawadar da ke zuwa cikin kwali mafi yawanta tana tafiya ne wajen cika bututun injin, don haka ka ware kuɗin wani saiti tun ranar farko. In na hannu za ka saya, kar ka yarda da hoton da mai kaya ya zaro daga aljihun tebur. A buga gwajin ƙofofin tawada a gabanka, ka duba layin toka da na toka mai haske da kyau, in akwai giɓi a sake bayan an wanke kan injin, wato ɓangaren da ke fesa tawada, sau ɗaya. Giɓin da ya ƙi tafiya yana nufin kan injin ya toshe, kuma farashin sabon kai na iya sa ka gwammace sabuwar firinta. A hunturu wannan toshewa ta fi yawa, saboda iska ta bushe ga ƙura, shi ya sa ko naka ne ka riƙa buga wani abu duk mako kana kuma rufe shi.

Tawadar ɗure ita ta fi ci min rai. Wani mai shago ya taɓa sayar min da kwalabe an rubuta figimen ɓaro-ɓaro, ashe rini ne, hotunan da na ba mutane suka koɗe suka yi kore a bango, ni na sha kunyar. Ɗaga kwalbar rawaya ko majenta ka kalli haske: rini garau yake, ana gani ta cikinsa, figimen kuwa duhu ne kamar kunu. Ɗiga baƙin a farar takarda, bari ya bushe, sa masa ɗigon ruwa. Rini zai malale, figimen zai tsaya. Ka duba ranar ƙarewar aiki a jikin katirij, ba a kwali kaɗai ba, don ana sauya kwali. Takardar da aka ce maka ba ta da sinadarin ƙara fari, haska ta da fitilar nan ta duba jabun kuɗi: in ta yi walƙiyar shuɗi, akwai shi. Sannan ka roƙi a buga maka tsanin toka, daga fari ƙal zuwa baƙi ƙirin, ka fita da shi waje ka duba a inuwa, ka koma cikin shago ka sake dubawa. In wani hawa a tsakiya ya yi kore ko ja, mayar da kuɗinka aljihu.